Renon Shuka a Lambun Gida, Daga Na'a-na'a Zuwa Mangwaro Mai Aure

Shekara 6 na yi ina ɗawainiya da wata bishiyar mangwaro a tsakar gidana. A bakin titi na saye ta cikin baƙar leda, mai sayarwar yana ta rantse-rantse cewa mai aure ce, wato an haɗa reshen iri mai daɗi a kan gindin wata, shekara 3 zan fara shan 'ya'ya. Shekara 3 ta zo ta wuce, ban da ganye babu abin da take yi. Da ta tashi haihuwa kuwa sai ga 'yan mitsi-mitsi, ƙwallo ya fi nama, ka sha ɗaya ka wuni kana sakace. Wani dattijo mai lambu a fadamar bayan unguwarmu na kai wa kukana. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, da za ka saya, ka ga tabon auren?" Na ce, "Baba, wane tabo kuma?" Ya yi dariya, ya jawo wata leda daga cikin renonsa, ya ɗora yatsa kan wani ɗan kumburi a jikin karan, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, inda ɓawon sama da na ƙasa suka ɗan saɓa launi. "Duk wanda ba shi da wannan, ɗan ƙwallo ne, ko da me mai shi ya rantse."

Tun daga ranar na daina sayen dashe, na koyi tayar da nawa. Abin da na fahimta shi ne kowace shuka da hanyar da take son a haifar da ita, da kuma watan da take so. Wata ƙwaya take so, wata reshe, wata saiwa, wata sai an yi mata aure. Wanda ya dace da hanya da lokaci, sauran aikin mai sauƙi ne. Wanda ya kuskure su, ko buhun taki nawa ya zuba, wahalar banza yake yi.

Kafin ka taɓa iri

Abu biyu za ka fara tabbatarwa: ruwa da shinge. Ka tambayi kanka ina za ka samu ruwa a watan Afrilu, lokacin da rijiya ta ja baya kuma 'yan garuwa suka ƙara kuɗi, domin a damina kowa manomi ne. In ruwanka kaɗan ne, fangali biyu da bishiya biyu sun fi fangali goma da za su ƙone a bazara. Shinge kuwa ko na darni ne ko zana ko tsohon gidan sauro, a yi shi tun kafin shuka. Akuya ɗaya tana cinye aikin wata uku kafin ka idar da sallar la'asar, kaji su tone reno, ƙadangare ya tsinke tsiro tun yana ganye biyu. Wurin kuma ya riƙa samun rana aƙalla awa 6.

Ƙasar reno

Ka haɗa kwano 2 na ƙasar sama mai kyau, kwano 1 na takin gargajiya, kwano 1 na rairayi. In ƙasarka turɓaya ce dama, rage rairayin. In laka ce mai danƙo, ƙara shi, ko ka sa buntun shinkafa da aka babbaka. Gwajin a hannu yake: jiƙa ta kaɗan ka dunƙule. In ta dunƙulu amma ta wargaje da ka latsa da yatsa, ta yi. In ta zama kamar ƙwallon gini, iska ba za ta ratsa saiwa ba.

Takin ya zama wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙone tsiro cikin kwana biyu. Na awaki da na shanu sun fi sanyi, amma su ma a tara su, a riƙa jiƙawa ana juyawa har wata biyu ko uku. Ƙasar juji tana da ƙarfi, sai dai jujin yanzu cike yake da leda da batir da kwalba, ni ba na sa ta a abin da zan ci ganyensa.

Tsofaffin manoma sukan tara kara a kan fangalin reno su cinna wuta kwana ɗaya ko biyu kafin shuka. Dabara ce mai kyau, tana rage ƙwayar ciyawa da cutar da ke cikin ƙasa. In a leda za ka yi reno, ledar fiya wata ta isa kayan miya, bishiya kuma sai babbar baƙar leda. Ko wacce ce, a huda gindinta huda 4 ko 5.

Masu son reno da dashe: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa

Fara da gwada irin. Ƙirga ƙwaya 10, naɗe su cikin tsumma mai laima, ajiye a inuwa, kada ka bari ya bushe. Bayan mako ɗaya zuwa kwana 10 ka buɗe, tattasai da attaruhu kuwa ka ƙara musu lokaci don sun fi jinkirin tsaga. In 8 sun tsaga, iri ne mai kyau. In 5 ne, ninka abin da za ka shuka. Ƙasa da haka, nemi wani. Irin albasa ya fi kowanne saurin mutuwa, wanda ya shekara a ajiye kada ka amince masa ba gwaji. In kuma ka ga an rubuta F1 a jikin fakiti, to haɗaɗɗen iri ne: zai yi maka kyau bana, amma ƙwayar da ka cire daga 'ya'yansa ba za ta maimaita uwar ba. Mai son ajiye irin kansa ya nemi irinsu UC82B ko Roma VF na tumatir.

Lokaci shi ne babban sirri. Ba banza ba manoman Kadawa da Kura da Garun Malam a jihar Kano suke cika kasuwa da tumatir daga Janairu zuwa Maris: tumatir ɗan sanyi ne. Zafin bazara yana kakkaɓe masa fure, yawan ruwan marka yana jawo masa cuta. Don haka zuba iri a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ka dasa yayin da hunturu ke kunno kai. Albasa ma haka take, daga Aliero a jihar Kebbi har Galmi a jihar Tawa ta Nijar, sanyi ne ke sa ta yin kai. Tattasai da attaruhu sun fi haƙuri, ana yin su damina da rani.

Ja layi-layi da yatsa a kan fangali, zurfin santimita 1, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin layuka. Yafa irin sama-sama, kada ka zuba kamar mai barbaɗa gishiri, rufe da ƙasa mai laushi, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Ban-ruwa da buta mai rariya, safe da yamma. Tumatir yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 8. Tattasai yakan kai mako 2, attaruhu kuwa har mako 3 yana iya yi, kada ka yanke ƙauna ka tone. Ranar da ka ga tsiro ya leƙo, ɗage ciyawar, ka mayar da ita 'yar rumfa mai tsawon kamu ɗaya ko biyu wadda rana ke ratsawa. In ka bar ta a kansu, za su yi tsawo su yi fari su langaɓe.

A wannan makon ne mafi yawan reno ke mutuwa, kuma yawanci ƙauna ce ke kashe shi. Mutum ya yi ta kwarara ruwa, washegari ya tarar tsiron sun kwanta, gindinsu ya sirance kamar an matse da zare. Wannan ruɓewar gindi ce, cunkoso da yawan laima ke kawo ta. Maganinta rage ruwa, cire waɗanda suka kamu har da ƙasar gindinsu, rage cunkoso har kowane tsiro ya samu tazarar yatsa biyu, a kuma koma ban-ruwan safe kawai don saman ƙasa ya sha iska kafin dare.

Tumatir yana isa dashe a mako 3 zuwa 4, yana da ganye 4 ko 5 na gaskiya, ban da biyun farko da ya tsiro da su. Tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6. Albasa mako 6 zuwa 7, in ta kusa kaurin fensir. Saura mako ɗaya a dasa, janye rumfar a hankali ka rage ruwa, su saba da wuya tun suna gida. Ranar dashe jiƙa fangalin sosai, ɗago kowanne da ƙasar saiwarsa, kuma a yi aikin bayan la'asar don su kwana cikin sanyi. Tumatir, tattasai da attaruhu tazarar santimita 50 zuwa 60, albasa 10 zuwa 15. Tumatir ana iya nutsa shi har kusa da ganyen farko, karansa zai fitar da sabuwar saiwa. Albasa akasin haka, in ka nutsa ta da yawa kan ba zai yi girma ba. Bayan mako 2 a ba su taki a gefe, ba a jikin kara ba.

Karas, kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, kabewa da kankana ba sa son a tumɓuke su, a shuka su inda za su zauna. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana a ruwa. Irin alayyafo da na karas ƙanana ne ƙwarai, a gauraya da rairayi kafin a yafa don kada su taru wuri ɗaya.

Masu kamawa da reshe

Na'a-na'ar da ka saya don shayi ita ce irinka. Zaɓi kara mai ƙwari, tsawon yatsa da rabi, zage ganyen ƙasa, tsoma a kofin ruwa ko ka soka a ƙasa mai laima a inuwa. Mako ɗaya zuwa biyu saiwa ta fito. Shawarata, sa ta a tsohon baho ko bokiti ita kaɗai, don in ta samu fangali sai ta mamaye na maƙwabta. Ɗaɗɗoya ma haka ake mata, kuma da ta fara fure ka tsinke shi, in ba haka ba ganyen zai ƙanƙance. Shuwaka a yanko kara mai tsawon kamu ɗaya a soka a karkace farkon damina. Ciyawar shayi a tsaga gindinta gida-gida, kowanne da 'yar saiwarsa, a datse ganyen a dasa.

Zogale yana yi ta hanya biyu, kuma akwai bambanci. Reshe mai tsawon mita 1, kaurinsa kamar ƙotar fartanya, a binne kashi ɗaya cikin uku, yana saurin ba da ganye, amma saiwarsa ba ta nutsawa, iska kan kayar da shi, gara kuma tana son sa. Na ƙwaya yana fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu in an shuka a zurfin santimita 2, yana yin doguwar saiwa mai jure fari. Ni na ƙwaya nake zaɓa. Da ya kai ƙugunka ka datse kansa, ka kuma datse rassan da suka biyo baya. Wanda ya ji tausayin datsewa zai samu doguwar sanda mai ganye can sama, sai da gora.

Citta, kurkum, tafarnuwa

Gidan citta Kudancin Kaduna ne, wajajen Kachia da Kwoi da Kafanchan, inda ruwan sama ya wadata, kuma iri biyu aka fi sani, tafin giwa da yatsun biri. A Kano ko Katsina ba za ta yi kamar can ba, amma a buhu, a inuwar katanga, tana ba da ta shayi da kunu. Nemi ɗanyar citta mai idanu, karya ta gunduwa-gunduwa kowacce da ido 1 ko 2, bar su a inuwa kwana 2 bakin ya bushe, sannan ka binne a zurfin santimita 5, ka lulluɓe da ciyawa mai kauri. A watan Afrilu ko Mayu ake shukawa, tana ɗaukar wata 8 zuwa 9, in ganye ya yi rawaya ya kwanta ta nuna. Ka duba irin da kyau: a 2023 wata cuta ta ruɓar da gonakin citta masu yawa a Kudancin Kaduna, kuma irin wannan cuta a jikin iri take tafiya. Duk gunduwar da ta yi laushi ko baƙi a ciki, jefar da ita nesa da lambu. Kurkum hanyarsu ɗaya, har ya fi ta haƙuri.

Tafarnuwa 'yar hunturu ce. A ɓare kai, a zaɓi manyan 'ya'yan gefe, a soka su tsini yana sama, tazarar santimita 10, a watan Nuwamba. Wata 4 zuwa 5 sai cira.

Auren mangwaro

Hikimar ita ce a haɗa gindi mai juriya da kai mai daɗi. Gindin daga ƙwallon mangwaron gida yake fitowa, wanda ya saba da ƙasarmu da farinmu. Kan kuma daga bishiyar da ka sha ka yaba, Julie ce ko Peter ko Binta Suga. Ɗan ƙwallo yakan yi shekara 5 zuwa 8 kafin ya haihu, kuma ba lallai ya gado uwarsa ba. Mai aure shekara 3 zuwa 4, kuma abin da ka ɗauko shi za ka sha.

A lokacin mangwaro, tsakanin Afrilu da Yuni, tara ƙwallayen waɗanda suka nuna sosai. Ƙwallon mangwaro ba ya jira, cikin mako ɗaya ko biyu a shuka. Wanke shi, bar shi ya sha iska kwana ɗaya a inuwa, sannan ka yanke gefen ɓawon da almakashi a hankali ka zaro ƙwayar ciki. Dasa ta a leda, doronta yana sama, ƙasa ta ɗan rufe ta. Mako 2 zuwa 3 za ta tsiro da jajayen ganye. Wani ƙwallon yakan fitar da tsiro uku ko huɗu, bar mafi ƙarfi. Daga nan sai reno har karan ya kai kaurin fensir, abin da kan ɗauki wata 8 zuwa shekara. Wato wanda ka shuka bana, farkon daminar baɗi za ka yi masa aure, kuma lokacin ya dace: akwai laima a iska, marka ba ta kankama ba. Tsakiyar hunturu iska na busar da aure, tsakiyar Agusta ruwa na ruɓar da shi.

Saura kwana 7 zuwa 10 a yi auren, je wurin uwar bishiyar da za ka ɗauko reshe. Zaɓi ƙarshen reshe wanda ganyensa ya yi kore shar ya ƙosa, ba sabon toho mai ja ba, kaurinsa daidai da na gindinka. Yanke ganyen da almakashi ka bar 'yan guntayen hannuwansu a jiki. Ranar da ka dawo ka taɓa su suka zube da kansu, idon saman kuma ya kumbura, reshen ya shirya. Yanko santimita 10 zuwa 15, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a yi auren a ranar.

Kayan aiki sabuwar reza ko wuƙa mai kaifin aska, da leda da aka yanka siriri kamar zare mai faɗi. Datse gindin a tsawon taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa, ka bar masa ganyen da ke ƙasa da wurin. Tsaga tsakiyarsa zurfin santimita 3 zuwa 4. Ɗauko reshen, fiƙe gindinsa ta gefe biyu kamar bakin gatari, tsawon fiƙar daidai da zurfin tsagar. Kowane gefe da ja ɗaya, ba sassaƙa-sassaƙa ba, kuma kada yatsanka ya taɓa wurin yankan. Zura shi cikin tsagar.

Nan ne aikin yake. Ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn kore mai danshi, ta nan itace ke haɗewa. Dole na reshen ya haɗu da na gindin. In kaurinsu bai zo ɗaya ba, kada ka sa reshen a tsakiya don ya yi kyan gani, matsar da shi gefe guda ɓawo ya yi daidai da ɓawo. Baba mai lambu sai da ya sa na ɓata rassan darbejiya sun fi 20 ina koyon fiƙa kafin ya bar ni na taɓa mangwaro, yana cewa, "Hannunka na rawa, ɗana. Reza ba ta son shawara." Naɗe wurin da ledar tam, daga ƙasa zuwa sama don ruwa kada ya shiga, sannan ka kifa farar ledar ƙanƙara a kan reshen ka ɗaure ta sako-sako. Ajiye a inuwa, ban-ruwa a gindi kawai.

Mako 2 zuwa 4, in ya kama, idon zai fashe da toho. Cire ledar saman, amma bar ɗaurin sai bayan wata 2 ko 3, ka warware kafin ya shaƙe karan. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, murje shi da yatsa tun yana ƙarami, in ka bar shi zai ƙwace abinci, auren ya mutu, ka koma gidan jiya. In reshen ya yi baƙi ya bushe, datse ƙasa kaɗan ka sake. Karon farko ka yi 10, in 4 suka kama ka yi ƙoƙari.

Gwaiba, lemu, gwanda, dabino

Gwaiba da lemun tsami suna da hanya mafi sauƙi, a sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa. Cikin damina zaɓi reshe mai kaurin yatsa, zagaye shi da wuƙa ka ɓare zoben ɓawo mai faɗin santimita 2 zuwa 3, kankare santsin da ya rage, dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki ko ruɓaɓɓen garin katako a wurin, naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa. Bayan wata 2 ko makamancin haka za ka hango fararen saiwoyi ta cikin ledar. Yanke ƙasa da ƙunshin, rage rabin ganyen, rena a leda a inuwa wata ɗaya kafin dashe. Lemun zaƙi shi aurensa na ido ne, wato idon toho guda ake ɗaukowa a liƙa a jikin gindi maimakon reshe, yana son hannun da ya ƙware, gara ka samo daga wurin da aka san su da aikin, kamar tashar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda.

Gwanda da ƙwaya ake yi. Murje santsin jikin ƙwayar da toka, wanke, shanya a inuwa. Shuka 3 a rami guda, domin akwai namiji akwai mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure: na namiji a dogon hannu yake reto, na mace babba ne manne da kara. Bar mace, namiji ɗaya ya ishi mata 10. Ƙasa da shekara za ka sha, amma ruwa ya kwanta mata a gindi kwana biyu ta tafi. Dabino ma jinsi biyu ne, kusan rabin na ƙwallo maza ne, sai ka yi shekaru kafin ka sani. Ɗan da ya fito a gindin macen da aka sani shi ne abin dasawa. A Dutse ta jihar Jigawa akwai tashar binciken dabino ga mai son ya yi da gaske.

Dashe da bazarar farko

Haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, tun kafin ruwa ya sauka. Ware ƙasar sama, gauraya ta da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki, mayar cikin ramin. In damina ta zauna, a ƙarshen Yuni ko Yuli, yage ledar ka dasa ba tare da ka fasa ƙasar ba, tabon auren yana sama da ƙasa sosai. Mangwaro tazarar mita 10, lemu 6 zuwa 7, gwaiba 5 zuwa 6, gwanda 2 da rabi. Kada ka manna mangwaro da katanga ko shadda. Furen da mai aure zai yi a shekarar farko da ta biyu a tsinke, ya fara gina jiki tukuna, ko da yake na san hannu ba ya son yi.

Bazarar farko ita ce jarrabawa. Yi wa bishiyar kwano a gindi, ba ta jarka ɗaya ta lita 20 sau biyu a mako, ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafin kullum, don saiwa ta bi shi ƙasa. Lulluɓe kwanon da ciyawa amma kada ta taɓa kara, gara na bin ta, a kuma zagaye gindin da toka. In za ka yi tafiya, binne tsohon tulu a gefe ka cika shi ka rufe bakinsa, zai riƙa tsatsafowa.

Ƙwari kuwa, darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsa, 'ya'yan darbejiya na maganinsu: daka giram 500 na ƙwayar, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace, sa ɗan sabulu, fesa da yamma har bayan ganye, duk mako. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, a cikin ganye take shiga ta bar farin zane. A ƙaramin lambu ka riƙa dubawa kowace safiya, ka tsinke ganyen da ya kamu ka ƙone. In ta kai ka ga maganin kanti, karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a ci.

Ita kuwa waccan bishiyar tawa ban sare ta ba. Baba ya zo da zarto ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, ya datse manyan rassanta uku a tsawon ƙirji, ya bar ɗaya yana jan ruwa, ya shafe kututturen da farar ƙasa saboda rana. Da sababbin toho suka kai kaurin fensir muka zaɓi biyu-biyu a kowane reshe muka yi musu aure da Julie, sauran muka murje. Huɗu suka kama cikin shida. A shekara ta uku na tsinki kwando guda, na kai masa rabi har fadama.